Fitsarin Kwance Bayan An Girma: Gaskiya ko Jita-jita?

A makarantar kwana mai ɗalibai 1,000 'yan shekara 15, ƙididdigar likitoci ta nuna za a sami 10 zuwa 20 da har yanzu suke jiƙa shimfiɗa. Da wuya ka gane su, domin sun ƙware wajen ɓoyewa. Yarinya ce da ke riga kowa tashi, tun kafin kiran assalatu ta juya katifa, ta dunƙule zanin kwanciya ta cusa a ƙasan bokiti, ta fesa turare, sannan ta koma ta kwanta a gefen gado kamar ba abin da ya faru. Saurayi ne da ba ya kwana gidan biki, ba ya zuwa i'itikafi, kuma in tafiyar dare ta kama shi a mota sai ya yi ta cin goro don kada barci ya sace shi. Cikin manya ma akwai su: binciken da aka yi a Holan ya sami kusan mutum 1 cikin 200, wanda aka yi a Hongkong kuma ya sami sama da 2 cikin 100.

Abin da ke damuna shi ne yawancinsu ba su taɓa faɗa wa likita ba. Maganganun da suka tashi suna ji a gida sun riga sun yanke musu hukunci. Bari mu ɗauki maganganun nan mu auna su.

"Ganganci ne kawai, da ya so da ya tashi"

Wannan ce uwar jita-jitar, sauran duk 'ya'yanta ne. Kafin mutum ya kwana a bushe, gaɓoɓi uku ne suke haɗa kai, kuma babu ko ɗaya da yake juya ta da niyyarsa yana barci.

Ta farko ƙoda. Akwai wani sinadari mai suna basofiresin da ƙwaƙwalwa ke saki, aikinsa ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa. A jikin yawancin mutane yana ƙaruwa da dare, shi ya sa fitsarin safe yake zuwa kaɗan, ja, mai ƙarfin wari. A shekarun 1980 likitocin birnin Arhus na ƙasar Denmak suka auna jinin masu fitsarin kwance dare da rana, suka tarar a jikin da dama daga cikinsu sinadarin nan ba ya hawa da dare. Ƙodarsu tana aiki tsakar dare kamar da hantsi.

Ta biyu mafitsara. Ta babban mutum tana ɗaukar abin da ya kai ledar fiya-wata guda, wato wajen rabin lita. Ta wasu kuwa ba ta jira ta cika, tana rabi sai ta matse da kanta. Irin waɗannan ko da rana za ka ga suna yawan zagayawa, kuma in ya matso ba sa iya jira.

Ta uku ita ce farkawa. Mai lafiya, mafitsara na cika saƙo zai je ƙwaƙwalwa ta tashe shi. A 1997 masu bincike a Otawa ta Kanada suka kwantar da yara maza a ɗakin gwaji, suna sakar musu ƙara mai tsanani a kunne suna barci. Yaran da ba sa fitsarin kwance sun farka a kusan kashi 40 cikin 100 na gwajin. Masu yi kuwa kashi 9 kacal. Iyaye mata sun daɗe da sanin haka. Uwa za ta ce maka, "Wallahi Yaya, sai na ɗaga shi tsaye na kai shi bakin rariya, da safe in tambaye shi ya ce shi bai sani ba." Gaskiya ya faɗa mata, bai sani ba.

To wanda ƙodarsa ta cika masa mafitsara ƙarfe ɗayan dare, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta ji kiran ba, ina ganganci a nan? Ɗan shekara 17 da ke wanke zanin gadonsa a ɓoye ya fi kowa a gidan son abin ya wuce.

"Shaiɗan ne ke nuna masa banɗaki a mafarki"

Mutane da yawa suna ba da labarin mafarkin nan: ga ka a makewayi, ka tsuguna, sai ka farka a jiƙe. Mafarkin yana faruwa, amma ba shi ne sanadi ba. Da aka sa wa masu fitsarin kwance na'urar auna barci, an ga fitsarin ya fi kuɓucewa a kashin farko na dare, kuma galibi a matakin barcin da ba a cika yin mafarki a cikinsa ba. Inda mafarkin ya zo, cikar mafitsara ko ɗumin jiƙewa ne ya kutsa cikinsa, yadda kiran sallar asuba kan shiga mafarkin mai barci.

Addu'ar kwanciya da neman tsari abin riƙo ne ga kowane Musulmi, mai lalura da marar lalura. Abin da nake tsoro shi ne a shekara biyar ana cewa iska ce, ba a taɓa auna fitsarin ba ko sau ɗaya. Sannan a lura da lokacin da ake ba da rubutu ko jiƙo. Kofi guda cike da ruwa daf da kwanciya, ko me aka jiƙa a ciki, mafitsara zai tafi. In za a sha, a sha da safe.

Akwai kuma dalilin da ya sa kowane mai magani yake da shaidu. Cikin yara masu fitsarin kwance, kusan 15 cikin 100 suna dainawa da kansu kowace shekara, ko an ba su magani ko ba a ba su ba. A shekara 5 kimanin kashi 15 na yara ke yi, a shekara 10 ya sauko wajen kashi 5. Duk abin da aka ba yaro a shekarar da jikinsa ya nuna, shi ake yaba wa. Sai dai waɗanda suka kai balaga da shi ba su ne masu yi jefi-jefi ba. Binciken Hongkong ya nuna masu yi kusan kullum ne suka fi ragewa a baya, kuma damar su daina da kansu tana raguwa. Saboda haka "ƙyale shi, zai bari" magana ce mai kyau ga ɗan shekara 4, amma zalunci ce ga ɗan shekara 16.

Gadon lalurar daga iyaye kuwa gaskiya ne, ko da dangi sun musa. Likitan yara Harry Bakwin na Amurka ya bi diddigin iyalai a farkon shekarun 1970: in uwa da uba duk sun yi a yarintarsu, kusan kashi 77 na 'ya'yansu za su yi, in ɗaya ne, kusan kashi 44, in babu, wajen kashi 15. Uban da ya fi kowa zafi a kan katifar ɗansa, ya je ya tambayi gwaggonsa a natse.

"A kunyata shi, zai daina"

Mun san yadda ake yi. A ɗora wa yaro jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, yaran unguwa su bi shi da tafi suna kiransa amalala. A wasu gidajen a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu. A makarantun kwana da tsangayu a shanya katifarsa a bainar jama'a, ko a fitar da shi ya kwana a tsakar gida cikin hunturu. In ya girma sai a daina duka, a koma gori, wanda ya fi bulala daɗewa a jiki.

Babu wani bincike da ya nuna horo yana busar da shimfiɗa, kuma ƙa'idojin likitoci, irin waɗanda hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2010, sun hana shi kai tsaye. Abin da horo ke haifarwa shi ne ɓoyo: yaro ya daina shan ruwa, ya hana kansa barci, ya yi ta gyangyaɗi a aji, karatu ya lalace. Mutane kan ga matashi mai fitsarin kwance ya zama shiru-shiru, mai gudun jama'a, su ce ai damuwar ce ta jawo masa. Ga wanda ya taso da shi tun yarinta, sau tari lalurar ce da gorin suka haifi damuwar, kuma an ga kwarjinin yara yana dawowa da zarar an yi musu magani.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ba a rubuta wa mai barci laifi har sai ya farka. Sun kuma ba mu labarin baƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina ido biyu, Manzon Allah (SAW) ya hana a far masa, ya sa aka zuba ruwa a wurin. Ban ga hujjar da ta rage wa mai ɗaga bulala a kan wanda barci ya ci ƙarfinsa ba.

"A hana shi ruwa daga la'asar"

Rabin gaskiya ce, kuma rabin da ya rage yana da haɗari. Rage sha awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya yana taimakawa, haka yin fitsari daf da hawa gado. Kofin fura ko kunu bayan isha, shayi mai kauri, Nescafé, lemon kwalba mai kafin, goro, duk suna ƙara fitsari ko su tsokani mafitsara. Abinci mai gishiri da dunƙule da yawa da dare, irin Indomie da ƙwai na teburin mai shayi, yana jan ruwa zuwa ƙoda. Amma wanda aka hana ruwa da rana, ƙishirwa za ta kai shi randa da dare a ɓoye, fitsarinsa ya yi kauri, bayan gidansa ya yi tauri. Daidai shi ne a sha mafi yawan ruwan yini daga safe zuwa la'asar.

Ga mai sikila kuwa hana ruwa ganganci ne na gaske. A Nijeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Cutar tana taɓa ɓangaren ƙoda mai tace ruwa tun suna ƙanana, sai ƙodar ta kasa kaurara fitsari, ta yi ta zubar da ruwa dare da rana. Shi ya sa fitsarin kwance ya yawaita a cikinsu, har ya bi wasu zuwa girma. Ka hana irin wannan ruwa, jikinsa ya bushe, ka tayar masa da ciwon ƙashi. Maganarsa ta asibitin masu sikila ce.

"Sanyi ne"

Yanzu kusan komai daga cibiya zuwa gwiwa sanyi ake ce masa, masu lasifika a tasha da kasuwa kuma suna da kwalbarsa. Ƙwayoyin cuta a mafitsara suna iya sa fitsarin kwance, musamman ga mata, amma sukan zo da zafin fitsari, yawan zagayawa, wani lokaci zazzaɓi, kuma awon fitsari ne ke tabbatar da su. Shan kafso barkatai daga kemis ba ya gyara ƙoda mai yawan aiki. Sanyin yanayi dai yana da hannu: da hunturu gumi ya ragu, fitsari ya ƙaru, dararen jiƙewa su yawaita.

Abubuwa biyu ake mantawa. Ɗaya tsargiya, ga masu wanka a dam da fadamun noman rani: jini a ƙarshen fitsari alamarta ce, tana ƙaiƙaya mafitsara, kuma ƙwayar firazikwantel tana kashe ta. Ɗayan taurin bayan gida. Dubura tana bayan mafitsara daf da ita, in ta cika ta cushe sai ta danne ta. Matashin da ke gudun ƙazamin masai na makaranta yana riƙe bayan gida kwana uku, wani lokaci maganinsa ke nan: a warware masa ciki, shimfiɗa ta bushe.

"Duk ɗaya ne, fitsarin kwance fitsarin kwance ne"

A nan ne kunya take iya kashe mutum. Tambayar farko da likita zai yi ita ce: ka taɓa yin wata shida a jere ba ka yi ba? Wanda bai taɓa ba, yawanci abubuwan nan uku na farko ne, kuma ba su cika zama barazana ga rai ba. Wanda ya shekara da shekaru a bushe sannan ya fara, jikinsa ne ke sanar da wata cuta, kuma kada ya kai wata yana jira.

Matashin da ya fara jiƙa shimfiɗa, ga ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, ga rama duk da yana ci, kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, a auna masa suga a ranar. Ciwon suga na matasa yana iya kai mutum suma cikin 'yan kwanaki ko makonni in ba a fara allurar insulin ba.

Dattijon da ya haura 60 ya wayi gari a jiƙe, 'ya'yansa su ce ai tsufa ne, Baba ya koma yaro. Sau da yawa furostet ce, ƙullutun da ke zagaye da bututun fitsari a ƙasan mafitsarar namiji, ta kumbura ta toshe hanya. Mafitsara ta cika maƙil ba ta juyewa duka, abin da ya yi yawa yake tsiyaya da dare. Abin tsoron shi ne ba ya jin zafi. Mararsa ta yi tudu, fitsarin rana yana fita siriri da yunƙuri, matsin kuma yana komawa sama yana cin ƙoda a hankali. Likitocin mafitsara suna ɗaukar sabon fitsarin kwance ga dattijo a matsayin alamar gaggawa. In an sa roba da wuri aka sauke fitsarin, ƙoda takan farfaɗo.

Mai minshari mai ƙarfi, wanda matarsa ke jin numfashinsa ya ɗauke sannan ya fizgo shi, kokawar numfashin tana sa zuciya ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Ga manya ƙiba ce kan jawo shi, ga yara da matasa kuma kumburin naman maƙogwaro da na bayan hanci. Wanda ke tashi a jiƙe da cizo a gefen harshe, jini a matashin kai, jiki duk ciwo, a bincika farfaɗiyar dare. Ciwon baya mai sauka ƙafa, da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, da kuɓucewar fitsari, alamar an danne jijiyoyin laka ne, kuma na kai wa asibiti ne a ranar. Magunguna ma suna jawowa: na sa barci, wasu na taɓin hankali irin kulozafin, giya, kodin, da ƙwayar hawan jini mai sa fitsari in an sha ta da yamma. Kada a daina maganin da likita ya rubuta, a koma a gaya masa. Tashin hankali mai tsanani, irin na wanda aka kora daga ƙauyensa ko yarinyar da aka ci zarafinta, shi ma yana dawo da fitsarin kwance. Yarinyar da ta fara ba zato, ta kuma canza hali, tana buƙatar uwa ta zauna da ita su biyu ta tambaye ta a hankali.

Matar da fitsari ke zubo mata dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, tiyata ce maganinsa, kuma ana yi a cibiyoyi irin Babbar Ruga a Katsina, Laure a asibitin Murtala na Kano, da Danja kusa da Maraɗi.

Masu cewa aure zai raba yarinya da fitsarin kwance kuma, aure ba ya canza ƙoda. Fitsarin kwance na tun yarinta bai da alaƙa da rashin haihuwa ko raunin namiji. A nemi magani tun kafin a sa rana, ya fi a kai yarinya ɗaki da fargabar daren farko.

"Asibiti ba su da maganinsa"

Suna da shi, har kala-kala. Mafi daɗewa ita ce ƙararrawar jiƙewa, wadda Hobart Mowrer da matarsa Willie Mae suka yi suna da ita a Amurka a 1938. Ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a wando, ɗigon farko na taɓa ta sai ta yi ƙara ko ta girgiza. A makonnin farko sai wani ya taya mutum tashi. Ana yi kowane dare wata biyu zuwa uku, har a sami dare 14 a jere a bushe. Kusan biyu cikin uku suna bushewa lokacin amfani da ita, kuma kusan rabin waɗanda suka jure ba sa komawa. Ta fi dacewa da hutun makaranta, tun da ɗakin kwanan ɗalibai ba wurin sirri ba ne. Saita agogon waya ƙarfe biyun dare yana iya ceton katifa, amma ba ya koya wa ƙwaƙwalwa jin cikar mafitsara.

Sai desmofiresin, wanda aka fi sani da Minirin, kwaikwayon sinadarin nan ne da ke rage fitsarin dare. Kimanin 3 cikin 10 suna bushewa sarai da shi, wasu 4 kuma abin ya ragu sosai. Yana aiki tun daren farko, don haka yana da amfani ga mai tafiya ko ɗan makarantar kwana, sai dai da yawa suna komawa in sun daina. Sharaɗinsa mai tsauri ne: daga awa ɗaya kafin a sha har awa takwas bayan an sha, ba a shan ruwa sai kurɓi. Wanda ya saɓa, ruwa zai taru a jikinsa, gishirin jini ya faɗi, ciwon kai da amai su biyo, har jijjiga. Saboda haka ne a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta janye amincewa da na fesawa a hanci don fitsarin kwance. Da azumi, lokacin da ruwan yini duka ake shan sa tsakanin magariba da sahur, mai shan wannan magani ya koma wurin likitansa kafin watan ya kama. Tsofaffi sun fi kowa shiga haɗarinsa.

Ga mafitsara mai saurin matsewa akwai oksibutinin da 'yan'uwansa. Suna busar da baki, suna taurara bayan gida, suna rage gumi, abin lura a zafin bazara, kuma dattijon da hanyarsa ta toshe in ya sha su fitsarin zai ɗauke gaba ɗaya. Imifiramin tsohon magani ne tun 1960, yana aiki ga wasu, amma in ya yi yawa yana tsayar da zuciya, kuma 'yan ƙwayoyi sun isa su kashe ƙaramin yaron da ya tsince su. Ba abin da za a karɓa a kemis da baki ba ne.

Wanda ya yi niyyar zuwa asibiti ya yi wa likita guzuri. Kwana biyu ko uku ya rubuta abin da ya sha da lokacin, ya riƙa auna kowane fitsari da robar da aka yi wa alama, ya rubuta dararen da ya jiƙe cikin mako biyu da yadda bayan gidansa yake, ya kuma tafi da duk maganin da yake sha a leda. Wannan takardar ce ke nuna ko ƙoda ce ke yawaita fitsari ko mafitsara ce ba ta riƙewa, kuma a kanta ake zaɓar magani. In baki ya yi nauyi, ya rubuta matsalar a saman takardar ya miƙa. Mace tana da damar neman ma'aikaciya mace. Awon farko fitsari ne da ɗigon jini a yatsa don suga, ana yin su a ƙaramin asibiti a sami sakamako a ranar. In an ga buƙata sai a ɗauki hoton mara bayan an yi fitsari a ga abin da ya rage, a tura mutum sashen mafitsara na babban asibiti, irin na Malam Aminu Kano, Shika, Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram.